Masu Neman Faransanci a Hanyar Sinkase

Kafin a buɗe ƙauyen koyon Faransanci na Badagry a 1991, ɗalibin jami'ar Najeriya mai karanta harshen sai an tsallaka da shi iyaka ya yi zaman wata da watanni. Da yawa Lome ake kai su, cibiyar Village du Bénin da aka kafa a 1968, kuma har gobe ana zuwa. Dabarar ita ce a jefa yaro inda ba mai jin yarensa, yunwa ta buɗe masa baki. Wanda ya tsara dabarar bai yi lissafi da Bahaushe ba. Tun kafin Jamusawa su kafa tuta a Togo a 1884 fataken goro ke ratsa Mango da Sokode zuwa Gwanja, kuma duk inda suka yada zango sun bar jikoki. Babbar hanyar da ta tashi daga Lome ta yi fiye da kilomita 600 zuwa Sinkase, bakin iyakar Burkina Faso, babu tashar da za ka yi sallama a rasa mai cewa "sannu da zuwa". A kan hanyar nan, lokacin hutu, halin kowa ke fitowa.

Mafi yawa shi ne ɗan zango. Ranar da ya sauka ya tambayi masallaci, a masallaci aka tambaye shi garinsu, kafin la'asar an gano kakarsa ta haɗa dangi da wani mahauci a Sokode. Shi ke nan, an gama da shi. Hutu na yi ya tare a Didawure, tsohuwar unguwar Musulmi, tuwo da miyar kuka, shayi har sha biyun dare, hira duk da Hausa. Don ya kwantar wa kansa da hankali yakan kama gidan rediyon Faransa, amma sashen Hausa. An tura shi ya koyi wane suna ne namiji wane ne mace a Faransanci, sai ya dawo da Hausar zangon yamma wadda ba ruwanta da wannan rabon. Ya shiga gida yana cewa "ƙanwata ya girma", tsohuwarsa ta riƙe haɓa: "Kai ɗan nan, wannan ne Faransancin?"

Kishiyarsa shi ne Bafaranshen dole. Sati biyu da zuwa ya fara laluben Hausa, yana murza yatsu yana cewa "yaya ma kuke ce masa?" Dogon burodi a hammata, ɗan gyale a wuya ko da rana na ƙona ƙeya a Dapango. Ba ya rabo da labarin kogin Seine da sanyin Faris, alhali iyakar tafiyarsa ita ce kasuwar Sinkase. Amma taka masa ƙafa a mota ka ji Katsinanci tsantsa.

Sai wanda nake tausayi, malamin nahawu. Shi da gaske yake. Littafin Bescherelle na aljihunsa har bango ya cire, ya haddace sarrafa aikatau har da sigogin da Faransawan kansu suka bar wa littattafai, ya karance Camara Laye da Mariama Bâ, a aji ba mai kama ƙafarsa. Matsalarsa bakin titi. Tun 2022 yankin Savanes ke ƙarƙashin dokar ta-ɓaci saboda maharan da ke ƙetarowa, don haka daga Dapango zuwa iyaka akwai masu jarrabawar baka da ba su ba da lokacin tunani. Jandarma ya leƙo ta taga, ya jefo tambaya mai kalma uku. Malam ya gyara zama, ya soma gina jimla tun daga tushe: ya zaɓi aikatau, ya canza shawara, ya koma ya gyara jinsi. Gumi ya keto. Kafin ya kai aya, wani yaro mai tallan ruwa, wanda bai wuce shekara goma sha biyu ba, ya yi wa direba ciniki da Mosanci, ya tsokani wata tsohuwa da yaren Moba, ya yi wa jandarman bayanin fasinjan da Faransancin tasha mara ɗaurin gindi. Jandarma ya miƙo takardu ya ce, "Malam, sauka lafiya."

Akwai Malam Dakor, wanda ya gano cewa kalma ɗaya ta amincewa, wato "dakor", tana kashe kowace magana. Da ita ya biya ɗan zem, wato ɗan acaɓan can, kuɗi ninki uku. Da ita ya karɓi ƙwarya cike da cukutu a gidan abokin karatunsa, sai da ya kai hanci ya gane burkutu ce, ya ajiye yana salati.

Ɗan kasuwa kuwa katin makaranta kawai yake so, don ya rage masa tambaya a hanya. Sinkase aljannarsa ce: ga Burkina a tsallake, ga Gana nan kusa ta wajen Bawku, ga manyan motoci daga tashar jirgin ruwan Lome suna jiran duwan, wato kwastan, kafin su wuce Wagadugu. Bai san Molière ba, amma tashe shi daga barci ya juya maka sefa zuwa sidi zuwa naira. Tun da Togo ta shiga ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila a 2022 ya ƙara wata sana'a: samarin gari na son Turanci, shi ke koya musu, su biya. A ganina shi kaɗai ne iyayensa ba su yi asarar kuɗin mota ba.

Kada a manta da Hajiya mai kula. Ta zo da yaji, daddawa, kuɓewa busasshiya da kilishin da zai ciyar da unguwa, ta rantse ba za ta ɗanɗana abin da ba ta ga yankansa ba. Ana yi mata dariya. To amma albasa da tumatir dole ta saya, kuma ba ta yarda a cuce ta ko da dala ɗaya. Wata uku tana fafatawa da matan kasuwa, tana zama wurin mai kitso da tela, sai ga bakinta ya sake. Ranar jarrabawar baka ita ce ta tsaya tana musu da mushe, wato malaminsu, a kan makinta, da Faransanci, har ya ƙara mata.

Na ƙarshe ba a taɓa ganinsa a hanyar ba, domin bai zo ba. Takardarsa ce ta yi tafiyar. A ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu ya fallasa yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin sati shida, a Janairun 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo, daga baya ministan ilimi na lokacin, Tahir Mamman, ya ce jami'o'i uku kacal aka amince da su a Togo, cikinsu har da ta Lome da ta Kara. Mutuminmu dai takardarsa na jikin bango cikin gilashi, sunan makarantar ma bai iya furta shi ba. In ya hango baƙo daga Maraɗi ya nufo shi da fara'a, sai ya zaro waya ya kara a kunne.