Lasifikar Sheme Ba Ta Tambayar Digiri

Na ji ƙorafinku, ya ku masu ɗaga hanci. Wai don me mutum zai ce yana son a riƙa gayyatarsa jawabi, ni kuma in tura shi taron 'yan kasuwar Sheme? Ku a wurinku jawabi sai a otel ɗin Abuja, ga sanyin na'ura ga ruwan gora. Allah ya kai ku! Amma wa zai kira ku, alhali ko a ɗaurin auren ƙanenku wani aka nemo ya yi godiya?

Ku sauko Faskari mu zanta. Akwai ƙungiyar masu hatsi, akwai dillalan kara, ga direbobin NURTW a tasha, ga manoman AFAN. Kowacce na taro, kowane taro na neman mai baki. Sai dai ba a miƙa wa baƙo lasifika. Ka yi rajista, ka biya kuɗin wata, ka sha zama a kan benci. Ran da sakatare ya makara, ka karanta bayanin zaman baya. Daga nan sai jawabin godiya, wata rana kuma shugaba ya ce, "Malam, kai za ka yi mana magana gaban ciyaman."

Kuna dariya ko? A 2021, da Gwamna Masari ya rufe wa motocin haya hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ya dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa saboda 'yan bindiga, wa kuke zaton zai kai kukan mutane gaban hukuma da gidajen rediyo? Mai sauraron laccar "sirrin nasara" a waya? Irin wannan rana wanda ya san kuɗin lodin buhu da abin da zagayen Funtuwa ke ci na mai ake turawa gaba.

Kuma kada ku raina masu sauraron nan. Dillalin da ya wuni yana raba gardama tsakanin mai sa da mahauci ba ya tafi don kunya. Ka yi masa dogon Turanci, ya saɓa rigarsa ya tafi shan fura, ya bar ka da benci.

Sai mai cewa, "To, nawa ake biya?" Haba Alhaji! Goro ne da addu'a tukuna. Ambulan sai dillalan Dandume sun fara tambayar lambarka.