Kai Wuta Gareji: Ƙa'ida da Abin da Ya Faru a Gidan Igwai

Ƙaramin akwatin rarraba wuta, wanda masu wayarin ke kira di-bi, ana kafa shi ne idan an ƙara gini a gida, kamar gareji ko shago, aka ga babban akwati ya yi nisa ko ya cika. Waya mai kauri ke ɗauko wuta daga babban akwatin, shi kuma ƙaramin ya raba ta, fitila da birekarta, soket da tasa. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce. Kamfanin Kaduna Electric ne ke rarraba ta a Sakkwato, ko da yake yara har gobe NEPA suka sani, sunan da aka yi wa ritaya tun 2005.

Misalin da za a bi a nan ya faru ne a unguwar Gidan Igwai da ke Sakkwato cikin watan Afrilu. Mai wannan rubutu ya san shi ciki da waje, domin a jikinsa aka yi. Za a kira shi maigidan, don rufin asiri.

Aikin da lissafi yake farawa. Ana tara duk abin da za a kunna, sannan a zaɓi waya daidai nauyinsa: mai milimita 1.5 ta fitila ce, 2.5 ta soket, wadda za ta ɗauko wutar kuwa galibi 6 ce ko fiye. Garejin maigidan zai ɗauki fitila biyu, da fanka, da firizar da uwargida ke ƙanƙara da zoɓo. Ya yi lissafi kam, amma na aljihu. Da mai wayarin ya faɗi kuɗinsa, sai maigidan ya ce ai waya uku ce kacal, ja da baƙa da koriya, kuma wanda ya shekara ashirin yana koyar da lissafi ba zai kasa haɗa su ba. Ya sayo 1.5 saboda araha. Siririyar waya zafi take yi idan kaya ya fi ƙarfinta, balle a ƙarƙashin kwano, a watan da zafin Sakkwato ke wuce digiri 40.

Sai kashe wuta. Ana sauke babban makunni, a duba cenjobar janareta, a gwada tasta a inda aka tabbatar akwai wuta, kana a gwada ta a wayar da za a taɓa. Dalilin wannan zagaye shi ne, rashin kamawar tasta fassara biyu gare shi: ko an kashe wuta, ko an ɗauke ta. Maigidan ya sauke wani makunni, wanda daga baya bincike ya nuna na famfon rijiya ne. Ya ɗora tasta, shiru. Ya hau kujera, ya fere jar waya, ya riƙe ta da yatsa biyu kamar mai zaren allura. Ana haka aka kawo wuta.

Shaidu sun saɓa kan nisan da ya yi a iska, amma sun haɗu a kan cewa hularsa ta riga shi sauka. Yaran gidan kuwa ihun murna suke yi a tsakar gida, "An kawo! An kawo!", labarin da ya riga su samu.

Wayar ƙasa ita ce ke ba wutar da ta ɓalle hanyar tserewa ba ta jikin mutum ba. A ƙaramin akwati ba a haɗa ta da baƙar waya, kowace da wurin ɗaurinta. Ana kafa sandar tagulla a ƙasa, kuma da yake busasshiyar ƙasa ba ta jan wuta sosai, masu aikin kan zuba gawayi da gishiri a ramin. A ramin ake zubawa, a binne. Maigidan a sama ya barbaɗa nasa, jar akuyar maƙwabta ta yi kwana uku tana zuwa lasa, ta kuma tafi da rabin koriyar wayar.

Birekar da ke bakin layin, a babban akwati, wayar take karewa, saboda haka da kaurin waya ake auna ta. Maigidan ya sa mai amfiya 32 a kan 1.5, wato wayar za ta narke birekar na kallo. Akwai kuma mai katse wuta idan miliamfiya 30 ta zurare, wadda da tana nan da hular ba ta yi tafiya ba.

Ƙaurin roba ne ya sa uwargida ta aika a kira mai wayarin. Hukumar NEMSA ce ke ba irinsu takardar shaida. Ya buɗe akwatin, ya daɗe yana kallo.

"Malam, wa ya yi maka wanga aiki?"

"Wani yaro ne."

"Don Allah kak ka sake ba shi."

Mataki na ƙarshe shi ne gwaji da rubuta sunan kowane layi a jikin birekarsa. Mai wayarin ya yi wannan bayan ya zare wayar duka, ya caji kuɗin farko da na kwance aikin yaron, ya kuma rubuta "famfo" da manyan baƙaƙe a kan makunnin rijiya.