Sifikar Yaya da Lokacin Landan

Yayana mutum ne mai nauyin barci, ga shi da son kayan zamani, kuma duk gidan da aka sami mai waɗannan halaye biyu sai haƙuri. Da wani abokinsa ya kawo masa tsarabar 'yar sifika daga Ingila, irin wadda ake yi wa magana ta amsa, nan take ya yanke hukunci cewa shi da ƙararrawar waya sun raba gari. Irin wannan sifika ba sabuwa ba ce a duniya, tun 2014 Amazon ya fito da Echo, Google ya biyo da tasa a 2016. Amma a layinmu ta Yaya ce ta farko, kuma bai bar kowa cikin duhu ba.

Tsarin da ya shirya ba ƙarami ba ne. Ƙarfe biyar na asuba ƙwan ɗaki zai kama a hankali, sifika ta saki karatu da ƙaramar murya, bayan minti biyar ta ƙara sauti. Mai ba da umarnin wata 'yar kwamfuta ce da ba ta wuce tafin hannu ba, ya liƙe ta a bayan talabijin ɗin falo. Ni kuma, tunda na taɓa gyara wa Anti, matar Yaya, WhatsApp, aka naɗa ni injiniyan gida ba tare da an tambaye ni ba.

Da farko abin ya yi kyau, har Yaya ya fara yi wa mutane wa'azin tashi da wuri. Sai wata asuba ɗakinsa ya yi tsit, talabijin ɗin falo kuwa ta kunna kanta ta kama karatu ita kaɗai cikin duhu. Baƙon da ya kwana a kan kujera ya fito tsakar gida ba takalmi yana salati. Abin da ya faru shi ne, an ɗauke wuta cikin dare, da aka dawo da ita na'urar wifi ta sake rabon adireshi ga kayan gidan, kamar yadda take yi in ba a hana ta ba. Lambar sifika ta koma kan talabijin, ita kuwa 'yar kwamfutar lamba ta sani, ba ta san fuska ba. Muka ɗaure wa sifika adireshinta na dindindin, Yaya ya ce magana ta ƙare.

Ba ta ƙare ba. Sifika tana tashi ne da sautin da aka bar ta a kai jiya. Ran da Anti ta rage shi don jariri ya yi barci, karatun asuba ko sauro ya fi shi ƙara. Ran da yara suka ƙure shi suna rawa da yamma, maƙwabcinmu ya aiko a tambaya ko masallaci aka buɗe a gidan ba a gaya masa ba.

Wadda ta fi ba mu wahala ita ce matsalar agogo. Da yawa daga cikin ƙananan kwamfutocin nan ba su da batirin da ke riƙe lokaci in wuta ta ɗauke. Suna farkawa sai su tambayi intanet ƙarfe nawa, in ba su samu ba su ɗora daga inda suka tsaya. To, ranar da aka yi rashin wuta na awa uku, data kuma ta ƙare, ƙarfe takwas na safe ana tsakiyar karin kumallo ƙwan ɗaki ya fara haske a hankali, a nutse, kamar mai tsoron tada mutane. Yaya ya riga ya makara, yana neman safa ɗaya.

"Yaya, ka sa waya ta zama madadi mana," in ji ni.

"Kai ba ka san ci-gaba ba," in ji shi.

Ya ɗan sami abin kare kansa ranar 20 ga Oktoban 2025, da rumbun kwamfutocin Amazon da ke jihar Bajiniya ta Amurka ya sami tangarɗa, manhajoji da kayan gida masu dogaro da intanet suka tsaya a ƙasashe da dama. Har da wasu gadajen zamani masu tsada da suka maƙale a ɗage, wasu suka ƙi daina ɗumama masu su. Yaya ya yini yana nuna wa mutane labarin, wai ga shi Turawa ma suna fama. Ban ga yadda gadon wani a Amurka zai kai shi ofis kan lokaci ba, amma dai ya ji sanyi a ransa.

Daga nan ya sallami 'yar kwamfutar, ya koma amfani da ƙararrawar da ke cikin sifikar kanta. Ranar Lahadin da ta biyo, 26 ga wata, ta buga daidai ƙarfe shida, gari ya yi haske, masallata sun daɗe da dawowa. Washegari ma shida. Muka cire, muka jona, muka yi mata Turanci har da karya harshe, tunda ba ta jin Hausa. Ta dage a kan cewa biyar ne.

Kuma ba ƙarya ta yi ba, a Landan biyar ne. Abokin da ya kawo ta a can ya yi mata rajista, ya bar ta a kan lokacin Ingila. Su kuwa suna tura agogonsu gaba da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Maris, su mayar da shi baya a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Tsakanin watannin nan lokacinsu da na Najeriya ɗaya ne, shi ya sa tun zuwanta ba wanda ya lura. Gyaran bai ɗauki minti ɗaya ba: aka canza Landan zuwa Legas.

Yanzu sifika tana nan tana aikinta, yawancin ranaku. Anti dai ta sayo agogon tebur mai batiri biyu a kasuwa ta ajiye a gefen gado, kuma ba ta nemi shawarar kowa ba. Duk wanda aka kawo wa irin wannan tsaraba daga waje, ya fara duba garin da aka sa mata kafin ya damƙa mata asubarsa.