Hawan Mambila da Direban Fagge

Birnin Kano shimfiɗaɗɗe ne, domin in aka ɗebe Dala da Goron Dutse, babu wani tudu da zai tilasta wa direba sauya giya, shi ya sa masu tuƙin da suka ƙware a cunkoson Fagge da Sabon Gari sukan ɗauka cewa sitiyari da ham su ne dukkan ilimin mota. Wannan zato yana rushewa ne a Mayo Selbe ta Jihar Taraba, inda hanya take fara nannaɗe dutse tana hawa tsaunin Mambila, wanda tsayinsa ya kai kimanin mita 1,600 daga doron teku, alhali Kano ba ta kai mita 500 ba.

Misalin da ya fi bayyana wannan shi ne na wani direba mazaunin Fagge, tsohon zangon fatake, wanda ya cire kujerun bas ɗinsa ya mayar da ita gida mai tafiya, wato motar da ake kwana ake girki a cikinta, ya shimfiɗa katifa, ya ajiye risho da tukunya da turmin daka yaji da jarkar manja, sannan wani bakanike a Sabon Gari ya rantse masa cewa birkin zai iya tsayar da giwa.

Masana sun bayyana cewa iska tana ƙara sirancewa yayin da ake hawa, saboda haka ƙarfin inji yana raguwa, ruwa kuma yana saurin tafasa. Direban bai san da wannan ba sai da lagireto, wato tankin da ke sanyaya inji, ya fara huci a wata kwana, motar ta tsaya ta yi shawara, sannan ta zaɓi komawa Kano da baya. Nan ya ƙwala wa yaron motarsa kira da ya sa waigi, wato gungumen da ake tokare taya da shi, yaron kuwa ya amsa cikin ladabi cewa, “Maigida, ai da shi muka dafa shayi a Serti.” Turmin daka yaji ne ya ceci rayuka biyu a ranar.

Saukowa daga Gembu, garin da ke kan tsaunin, ta fi hawan wuya, domin ƙa'ida ita ce a riƙe ƙaramar giya inji ya danne motar, shi kuwa ya dogara ga rantsuwar bakanike har birki ya yi zafi ya soma ƙauri, manja ya malale a katifa, tukunya ta riga kowa isa gilashin gaba, salatin da ya yi kuwa ya fi na shekara goma.

Motar tana nan a wani lungu na Fagge ana kwana a cikinta, kuma ko da yake wurin a baje yake kamar faifai, kowace taya da waiginta.