Yaro Lafiyarsa Ƙalau, Wai Kuma A Ba Shi Magani?

 Malam, na hango ka a majalisa, ka taɓe baki don masu rabon maganin zazzaɓin damina sun shigo layinku da kati da alli. Kada ka tashi. Gyara zama, yau ni da kai ne.

Ka ce: "Yaro yana ta guje-gujensa, don me za a ɗura masa ƙwaya?" Madalla da wannan hikima! Kai ne fa ka yi wa soronka yaɓe tun hadari bai haɗo ba. Ashe ka san rigakafi, a katanga kawai ka yarda da shi. Daga Yuli zuwa Oktoba, sauron bakin madatsar Kazaure da na kududdufan Gwiwa ba ya neman izinin mai gida, kuma a 'yan watannin nan zazzaɓi ya fi kwantar da yara. Shi ya sa ake bi gida-gida sau ɗaya a wata, ana ba ɗan wata 3 har zuwa wanda bai cika shekara 5 ba.

Ka ce: "Wa ya ce yana aiki?" Yawwa, ka zo inda nake so. A 2008 an gwada shi a Mali da Burkina Faso, yara kusan 3,000 a kowace ƙasa. Aka raba su biyu: rabi suka sha maganin, rabi suka sha ƙwaya mai kama da shi wadda ba komai a cikinta, kuma kowane yaro aka ba shi gidan sauro. Uwa ba ta san wacce ɗanta ya sha ba, mai bayarwar ma bai sani ba, don kada son zuciya ya shiga lissafi. Da damina ta wuce aka ƙirga. Zazzaɓi ya ragu da kashi 82 cikin 100 a Mali, kashi 70 a Burkina. Sai a 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi amfani da shi a yankin Sahel, a 2013 aka soma a maƙwabciyarmu Katsina, Jigawa ta biyo baya. To kai, a ina ka yi taka ƙirgar? A gindin darbejiya?

Ka ce: "Mu da tazargade aka raine mu, ga mu garau." Garau kam, har da ƙarfin musu. Sai dai waɗanda tazargaden bai tsayar ba ba sa zuwa majalisa su ba da shaida. Tambayi Inna 'ya'ya nawa ta haifa, nawa suka kai yaye.

Na san makamin da ka ɓoye a aljihu, fito da shi. "Ka manta Pfizer?" Ban manta ba, kuma a nan ba zan yi maka dariya ba. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau a Kano, kamfanin ya shigar da yara 200 cikin gwajin maganinsa Trovan. Sha ɗaya suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Don haka in mai bincike ya zo ƙofarka, tsare shi da tambaya: wa ya ba ku izini, me za a ba yaron, zan iya cewa a'a? Haƙƙinka ne, kuma dole ya amsa.

Amma Malam, wannan ƙwayar ai tsohuwar saniyarka ce. Ƙwayoyi iri biyu ne: ɗaya ita ce Fansidar, wadda uwargida take sha in ta je awon ciki. Ɗayar amodiyakwin, an daɗe ana sayar da ita a kemis. Da kuɗinka ka saya ka haɗiye ba bincike. Yau an kawo kyauta, shi ne ka zama farfesa.

Ka ce: "Hana haihuwa ne." Haba! Haka aka ce da allurar shan inna a 2003, har Kano ta dakatar da ita. A 2020 aka tabbatar Najeriya ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji, haihuwa kuwa tana nan inda ka bar ta. Je ka tambayi masu sayar da ragon suna a kasuwar Babura ko ciniki ya tsaya.

Yanzu saura tambayata. Maganin na kwana uku ne. Ranar farko mai rabo ce ke narkar da shi a cokali, ta ba yaro a gabanta, ta cike kati, ta yi alama da alli a jikin ƙofa. In ya amayar cikin rabin awa, a sake ba shi. Sauran ƙwayoyi biyu sai ta miƙa wa uwar yaro: ɗaya gobe, ɗaya jibi. Daga Roni har Gwiwa, a nan gizo ke saƙar. Yaro ya tofar don ɗaci, an ce a ƙyale shi ya huta. Ko a soke ƙwayar a saman ƙofa, wai sai ranar da yayansa ya kwanta. Bayan mako uku jiki ya yi zafi, kai ne na farko a majalisa: "Ba na faɗa muku ba ya aiki ba?"

Yaran Mali kwana ukun suka cika kafin a ƙirga su. Shiga gida, Malam, ka laluba saman ƙofar nan. Ina nan ina jiran ka, kuma kada ka ce mini ɓera ne ya ɗauke.