Jagorar Mai Kunya: Yadda Ɗan Gaya da Ajingi Zai Yi Digiri Ba Tare da Ƙasa Ta Tsage Ya Shige Ba

Duk shekara, da zarar sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu sun fito, motocin da ke tashi daga Gaya da Ajingi sukan ɗauki wasu fasinjoji na daban. Za ka gane su da sabuwar jaka, da ƙullin garin kwaki da ƙuli-ƙuli da yajin da Inna ta daka. Wasu a Wudil za su sauka, a jami'ar kimiyya da fasaha da aka buɗe a 2001, wadda tun 2022 take amsa sunan Aliko Dangote. Wasu su zarce Kano, Jami'ar Bayero. Wasu kuma su yi gabas, Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011.

A cikinsu akwai wanda kafin mota ta kai Wudil ya san sunan direba, da na yaron mota, da na matar direban da ta yi yaji. Wannan ba ya buƙatar shawarar kowa. Da ɗayan nake: wanda aka ba shi canji bai cika ba ya yi shiru, aka wuce da shi inda zai sauka bai iya cewa "akwai" ba, ya gwammace ya dawo da ƙafa. Ƙanena, ƙanwata, ku matso kusa, ba zan ɗaga murya ba, na san ba ku son a waiwayo.

Na ɗaya: ka fara sanin irin shirunka

Shiru iri-iri ne. Akwai kunyar tarbiyya, wadda aka raine mu a kanta: ba ka haɗa ido da babba, ba ka cin abinci a gaban suruki, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Wannan ado ce, ka tafi da ita jami'a, kada ka bar ta a gida. Akwai kuma son kaɗaici, halin mutumin da hayaniya ke gajiyar da shi, sai ya keɓe yake samun sukuni. Masanin halayyar ɗan Adam Carl Jung ya yi bayanin wannan hali tun a 1921, kuma ba ciwo ya kira shi ba, halitta ce. Na uku shi ne fargabar mutane: ka so ka yi magana, amma gabanka ya faɗi, tafin hannu ya jiƙe, murya ta ɗauki rawa, ka kwana kana bitar kalma ɗaya da ka faɗa da rana. Na farko ka riƙe shi, na biyu ka yi masa tsari, na uku ka nemar masa magani. Sauran shawarwarin duk a kan wannan rabon suke tafiya.

Na biyu: kada ka yi gadon kujerar baya

Mai kunya yana shiga ɗakin lakca ƙafarsa ke jansa can ƙurya, bayan ginshiƙi, inda yake zaton ba mai ganinsa. To ka sani, ƙuryar nan tana da masu ita. Nan ne mazaunin masu cin gyaɗa, da masu gardamar Barcelona da Madrid, da masu barcin da suka kasa yi a ɗaki. Kuma nan idon lakcara yake fara sauka idan yana neman wanda zai tayar. Layin farko ma ba naka ba ne, na masu ɗaga hannu ne tun kafin a gama tambaya. Ka nemi layi na uku ko na huɗu, ta gefe. Za ka ji karatu sarai, za ka ga allo, kuma ba wanda zai damu da kai. Ka riƙa zuwa da wuri, domin shiga aji bayan an fara, mutum ɗari biyu su juyo su kalle ka, jarrabawa ce da ba ta cikin manhaja.

Na uku: sallama ita ce jarinka

Allah ya yi mana gata, a ƙasar Hausa ba sai ka ƙirƙiro abin faɗa ba. Gaisuwa tana da layinta a shirye. Ka yi sallama, ka tambayi kwana, ka tambayi gajiya, ka tambayi karatu, kafin ka ankara kun yi minti biyu kuna hira ba ka ƙirƙiri ko harafi ba. Ka ɗora wa kanka gaida mutum ɗaya kullum, wanda ke zaune kusa da kai. Ranar farko gaisuwa kawai. Rana ta biyu ka tambaye shi garinsu. Idan ya ce Albasu ko Takai, ai ka tsinci dami a kala, ɗan gida ne.

Ba a ce ka tara abokai hamsin ba. Biyu sun isa: ɗaya mai surutu, ɗaya mai rubutu. Mai surutun zai karɓo muku magana a ofis, ya yi cinikin tumatir, ya sanar da kai an sauya ɗakin jarrabawa. Mai rubutun zai ara maka littafi ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai. Kai kuma kana da abin da za ka ba su wanda ya yi ƙaranci a jami'a, wato kunnen da yake saurara da bakin da ba ya yawo da sirri.

Na huɗu: ka tanadi maɓoya, amma mai ƙofa biyu

Ɗakin kwanan ɗalibai da aka rubuta wa mutum huɗu, idan ka ƙirga takalman bakin ƙofa sai lissafi ya ruɗe maka. Wannan yana soya albasa, wancan yana waya da budurwa da ƙarfi, wani ya kunna wa'azi, wani ya kunna waƙar Rarara. Mai son kaɗaici idan bai samu wurin shan iska ba, ransa zai ƙuntata har ya fara jin haushin mutanen da ba su yi masa komai ba. Don haka ka nemi wurinka tun makon farko: wata kusurwa a laburare, ko masallaci bayan sallar Asuba, ko inuwar darbejiyar da ba kowa ke zuwa ba. Ka ba kanka awa ɗaya kullum a can, ba tare da jin ka yi laifi ba. Sharaɗin kawai, idan awar ta cika ka fito. Sabon ɗalibi kamar amarya yake, ana yi mata uzurin lulluɓi a makon farko, amma ita ma wata rana sai ta fito tsakar gida ta gaida mutane.

Idan 'yan ɗaki suka ce a haɗa tukunya, ka shiga ko da sau biyu ne a mako. Garau-garau da manja ya ƙulla zumuncin da dogon Turanci bai ƙulla ba. Kuma mai cin abinci baki cike ba a tsammanin jawabi daga gare shi.

Na biyar: tambaya ba ta kisa

Abin mamaki ne, yaron da zai tsaya a kara ranar Juma'a a kasuwar Wudil ya ja cinikin rago da dillali har dillalin ya share gumi, shi ne zai kasa ɗaga hannu ya ce bai gane lissafi ba. Mun san dalili. Da yawanmu daga makarantun gwamnati muka fito, Turancin a takarda muka san shi, ba a baki ba, kuma ana tsoron dariyar 'yan birni idan harshe ya karkace. Ga dabara: ka rubuta tambayar a takarda, jimla ɗaya, ka karanta ta kamar yadda ka rubuta. Idan hakan ya yi nauyi, ka tari lakcara a bakin ƙofa bayan an tashi, ka ce, "Malam, don Allah ina da 'yar tambaya." Mafi yawan malamai sun fi jin daɗin wannan a kan ajin da ya yi tsit sannan ya faɗi jarrabawa. Masu dariyar kuwa, rabinsu su ma ba su gane ba, jira suke wani ya tambaya musu.

Ƙanwata, ke nauyin naki biyu ne, don an saba yaba wa mace idan ta yi shiru. Ki tuna Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yabi matan Madina ne saboda kunya ba ta hana su neman sanin addininsu ba. Hijabinki yana nan, kamun kanki yana nan, ki yi tambayarki. Matambayi ba ya ɓata.

Na shida: ranar tsayawa gaban aji

Wannan ita ce ranar da mai kunya yake fara lissafinta tun daga farkon zango. Kada ka yi ciwon ƙarya, domin malam zai ɗaga maka zuwa mako mai zuwa, ka ƙara kwana bakwai kana fargaba kyauta. Ka roƙi a sa ka cikin na farko-farko, ka sauke nauyin kafin ya yi tsami. Ka haddace jimla biyu na buɗewa har su zauna maka daram, saboda minti na farko shi ne mai wuya. Ka gwada a gaban bango, sannan a gaban abokinka mai rubutu, sannan a gaban mutum uku. Idan ka je hutu gida, ka tara ƙannenka a zaure ka yi musu, ba su da tausayi, duk wanda ya tsallake dariyarsu ya tsallake ta kowa.

Kafin a kira sunanka, ka ja numfashi a hankali ta hanci, ka sake shi a hankali fiye da yadda ka ja, sau biyar. Kada ka riƙe falle ɗaya na takarda, zai tona asirin rawar hannunka, ka riƙe littafi mai kauri. Ka zaɓi fuska ɗaya mai fara'a a tsakiyar aji ka yi mata bayani. Kuma ka sani, bugun zuciyar da kake ji ya cika maka kunne, na kusa da kai ma ba ya jin sa. Kowa yana can yana tunanin nasa layin.

Na bakwai: waya 'yar aike ce, ba gida ba

Zauren WhatsApp na aji rahama ne ga mai kunya. A nan za ka iya tambaya ba tare da murya ta yi rawa ba, ka goge ka sake rubutawa sau goma ba wanda ya sani. Ka yi amfani da shi. Sai dai kada ka zama zaki a waya, a fili kuwa ka sauya hanya idan ka hango mutumin da kuka raba dare kuna hira. Ranar sa hannu a takardar rajista, da ranar neman wurin sanin makamar aiki, da ranar kare kundin kammala digiri, duk da ƙafa da baki ake zuwa. Ka saba tun kana aji ɗaya, lokacin da kuskure ba shi da tsada.

Na takwas: kada ka ari ƙarfin hali a kwalba

A nan raha ta tsaya. Za a samu wanda zai raɗa maka cewa akwai abin da ke cire kunya, ƙwaya ɗaya ko kurɓi ɗaya. Kano ta ga abin da wannan ya haifar. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan binciken da BBC ta yi ya nuna yadda ya cinye matasa, ciki har da na Kano. Kunyar da ƙwaya ta kora takan dawo da safe, ta taho da ƙawayenta. Wanda ya ba ka wannan shawara ba abokinka ba ne, ko da garinku ɗaya.

Na tara: ka san lokacin da abin ya wuce hali

Idan fargaba ta kai ka ga ƙin shiga aji, ko kwana da yunwa don ba za ka iya tsayawa gaban mai abinci ba, ko barin jarrabawa, kuma aka shafe watanni a haka, to ba miskilanci ba ne, ba kuma raunin imani ba ne. Lalura ce da likitoci suka sani, takan fara tun shekarun balaga, kuma tana jin magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da cututtukan fargaba iri-iri a duniya, ka ga ba a kanka aka fara ba. Maganin da aka fi amfani da shi zama ne da ƙwararre, yana taimaka maka ka gyara tunanin da ke firgita ka, kana tunkarar abin tsoron kaɗan-kaɗan, wani lokaci a haɗa da magani daga hannun likita. Ka fara da asibitin makaranta ko ofishin ba ɗalibai shawara. Idan ana buƙatar gaba, akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Tun Janairun 2023 ma ƙasar nan take da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta tanadi haƙƙin mai neman irin wannan kulawa. Ka yi addu'a, ka kuma je asibiti, biyun ba sa karo.

Na ƙarshe: ka tuna gidan da ka fito

Tarihin baka ya ce maƙeran Gaya ne, Abagayawa, suka taka har Dutsen Dala neman tama, suka zauna a wurin da ya zama birnin Kano. Mutanen da suka bar gida suka shiga baƙuwar ƙasa da sana'ar hannunsu ke nan. Jikansu bai kamata ƙofar ɗakin lakca ta gagare shi ba.

Ku kuma masu baki, 'yan aji da 'yan ɗaki, ku daina yi wa mai shiru fassarar girman kai, ku riga shi sallama. Malamai, ku ba shi daƙiƙa goma ya haɗa maganarsa kafin ku wuce kan wani. Iyaye a Gaya da Ajingi, idan yaro ya kira waya kada tambayar ta tsaya a kan kuɗi da sakamako, ku tambaye shi su wane ne abokansa. Kai kuma ƙanena, gobe idan ka shiga aji, ka gaida na kusa da kai.