Kafin Ka Sayi Tabarau Mai Kai Ka Wata Duniya: Shawarwari ga Mutumin Birnin Gwari

Duk sa'ad da wani kamfani ya fito da sabon tabarau na shiga duniyar kwamfuta, wanda ake kira VR, sai ƙorafin masu saye ya cika kunne. Wasu su ce ya yi tsada, wasu su ce an cika kwalin da tarkacen da ba su nema ba, wasu kuma su ce an cire abin da ya kamata a sa. Ga wanda bai taɓa ganinsa ba, na'ura ce da ake ɗaurawa a fuska ta rufe idanu ruf, tana nuna wa kowane ido nasa hoton, tana kuma bin motsin kai, yadda in ka waiga hoton ya waiga tare da kai har zuciyarka ta yarda cewa kana tsaye a wurin da ake nuna maka. Yanzu da hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta fara samun sauƙi, kuɗin masara da waken soya na shiga hannun matasa, ba za a daɗe ba wani zai dawo daga Kano da irin wannan kwali a hammata. To, ɗan'uwa, kafin ya zama kai ne, riƙe magana guda: kuɗin da aka rubuta a jikin kwali somin lissafi ne kawai. Wanda ya iya cinikin sa a kasuwar Kara, ya duba haƙora, ya ƙiyasta kuɗin dusa, ya tambayi aikin da san zai yi masa, ya riga ya mallaki duk dabarar da wannan ciniki ke bukata.

Shawara ta farko ita ce kada ka gina burinka a kan farashin da ka ji a bakin dillali tun kaya ba su iso ba. Mutanen Amurka sun ɗanɗana wannan. A 2012 wani matashi mai suna Palmer Luckey ya nemi gudummawar jama'a ta Kickstarter don ƙera tabarau mai suna Oculus Rift, aka tara masa sama da dala miliyan 2, kuma a 2014 Facebook ya saye kamfanin kan kimanin dala biliyan 2. Kafin fitowar na'urar, Luckey ya yi maganar da ta sa mutane suka ɗauka farashin ba zai yi nisa da dala 350 ba. Kowa ya ƙulle abin da ya tara a kan wannan lissafi. Da aka buɗe saye ranar 6 ga Janairun 2016, sai ga dala 599. Hayaniya ta tashi, har Luckey ya fito ya ba da haƙuri kan yadda ya yi maganar tun farko. Abin lura shi ne na'urar ba ta canza ba tsakanin jiya da yau. Tazarar da ke tsakanin abin da aka sa rai da abin da aka gani ita ta ƙona zukata. Saboda haka duk wanda ya ce maka kaya na nan tafe kuma araha ne, ka ce Allah ya kawo su lafiya, ka bar kuɗinka a aljihu. Ba a cinikin biri a sama.

Shawara ta biyu: a buɗe kwalin a gabanka, ka ware abin da gyara ne da abin da in babu shi na'urar ba ta aiki. Kwalin Rift na 2016 ya zo da tabarau, da na'urar bibiyar motsi, da ƙaramin rimot, da abin riƙewa na wasan Xbox One, da wasa mai suna Lucky's Tale. Masu saye da yawa suka ce a cire abin wasan Xbox ɗin a rage musu kuɗi, kamfanin ya amsa cewa sa shi bai ƙara wa farashin wani abin kirki ba. Ana wannan gardama a kan gyara, alhali babban giɓin yana wani wuri: abin riƙewa na hannu biyu da ke sa mutum ya ga hannayensa a cikin hoton, wato Touch, bai fito ba sai Disamban 2016, kuma da kuɗinsa daban, dala 199. HTC Vive da aka sa wa dala 799, aka yi ta yi masa kallon mai tsada, ya zo da nasa abin riƙewar guda biyu a cikin kwali. In ka haɗa 599 da 199 ka sami 798, ka ga bambancinsu dala guda ce tal. Haka PlayStation VR na Sony ya fito a Oktoban 2016 kan dala 399, amma babu kyamarar da dole sai da ita yake aiki. Don haka tambayar da za ka yi wa mai shago ita ce: Alhaji, in na kai wannan gida yau da dare, me kuma zan sake fitowa nema?

Shawara ta uku ita ce lissafin ciyarwa, kuma a nan ne namu lissafin ya bambanta da na mutumin Ingila ko Amurka. Rift na farko ba ya tashi sai an jona shi da kwamfuta mai ƙarfi, kuma kamfanin da kansa ya ƙiyasta cewa duka biyun za su ci kimanin dala 1,500. Na yanzu irin su Quest na kamfanin Meta suna aiki su kaɗai, amma batirinsu bai cika wuce awa biyu zuwa uku ba. Vision Pro na Apple, wanda ya fito a Fabrairun 2024 kan dala 3,499, batirinsa ma a waje yake, ana sa shi a aljihu da igiya, yana kai kimanin awa biyu. An sa ƙyallen goge gilashi a kwalinsa, amma jakar tafiya sai ka ƙara dala 199. In aka lissafa dala a naira 1,500, kuɗin Vision Pro ya haura naira miliyan 5, wato albashin kusan shekara shida na ma'aikacin Jihar Kaduna mai ɗaukar mafi ƙarancin albashi na naira 72,000, in bai ci ba bai sha ba. Quest 3S, wanda ya fito a 2024 kan dala 299, ya kusa naira 450,000, sama da albashin wata shida. Bayan wannan akwai caji, ko da sola ko da janareta, akwai data mai yawa don sauke wasanni da finafinai, akwai katin banki da zai iya biyan kuɗin waje, akwai kuma sabis. Mutanen Birnin Gwari ba su manta da ƙarshen 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a yankin saboda matsalar tsaro. Saboda haka ka tambaya tun a shago: me wannan na'ura ke iya yi in babu intanet ko kaɗan?

Shawara ta huɗu: ka ɗaura shi a kanka ka daɗe, domin gani ya kori ji. Minti biyar na farko kowa baki yake saki, sai an kai rabin awa gaskiya ke fitowa. Quest 3 ya ɗan haura rabin kilo, Vision Pro ya kai giram 600 ko fiye, kuma duk nauyin a goshi da kumatu yake sauka. Wasu daga cikin waɗanda suka yi rige-rigen sayen Vision Pro sun mayar da shi cikin kwana 14 da kamfanin ya ba da dama, suna kukan nauyi da ciwon kai. Wasu mutane kuma jiri da tashin zuciya ke kama su, saboda ido na shaida wa ƙwaƙwalwa cewa ana gudu, jiki kuma na cewa a zaune ake. Su can suna da damar mayarwa. Kai da ka saya a hannun ɗan kasuwar da shi ma saro shi ya yi daga wata ƙasa, sai ka yi yarjejeniya da shi a gaban shaidu kan abin da zai faru in ya lalace. In kuma ka kai shi gida, zaɓi fili mai nisa da murhu da bakin rijiya, ka sa a ɗaure awaki, ka kawar da buhunan hatsi, domin mai tabarau a fuska ba ya ganin akuyar da ke cin masararsa, kuma naushin da ya kai wa dodo a cikin hoto a jikin katangar gidansu yake sauka. Yara ƙanana a hana su, manyansu a ƙayyade musu lokaci, kuma kada a ɗaura shi ana dab da kiran salla.

Shawara ta biyar ita ce haƙuri, amma haƙuri mai lissafi. Rift da Touch da suka ci dala 798 a ƙarshen 2016 sun dawo dala 399 a haɗe kafin 2017 ta ƙare. Wanda ya jira shekara guda ya biya rabi. Wani zai ce ai jira ba kullum yake biya ba, kuma yana da hujja. Quest 2 ya fito a 2020 kan dala 299, amma a Agustan 2022 Meta ya ƙara masa dala 100. Mu kuma muna da wata matsala a kan wannan: a farkon 2016 dala a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba, don haka dala 599 kimanin naira 120,000 ce, alhali tabarau na dala 299, in aka lissafa dala a naira 1,500, ya kusa ninka wannan sau huɗu. Farashi ya sauka a can, ya hau a nan. Amsar ita ce a daina jiran ranar da zai yi arha, a jira ranar da aka san aikin da za a sa shi. Kada kuma tsoron tsada ya tura ka ga kwalin roba mara batir da ake cusa waya a ciki, kana zaton ka sami irin wancan. Tushensa Cardboard ne da Google ya fitar a 2014, kuma Google ya daina tsarinsa na irin wannan tabarau mai suna Daydream a 2019. Ya isa a ɗanɗana abin a ga yadda yake, amma araha ba ta ado.

Akwai ƙorafin da ya fi duk waɗannan nauyi, kuma dole a saurare shi. Masarautar Birnin Gwari da ta shafe shekaru tana binne 'ya'yanta, wadda manomanta suka bar gonakinsu, wadda kasuwarta ta Kara ta yi kimanin shekara goma a rufe kafin Gwamna Uba Sani ya buɗe ta a Nuwamban 2024, ina ita ina tabarau? Gaskiya ne cewa tsaro da hanya da asibiti da makaranta da taki suna gaba, kuma duk magidancin da zai taɓa kuɗin iri ko na makarantar yara don wannan na'ura ya yi kuskure. Amma kaya irin wannan ba sa jiran a gama gyara ƙasa kafin su shigo, kamar yadda wayar hannu ba ta jira ba, kuma gara su tarar da mutane masu ido a buɗe. Sannan na'urar tana da amfani da ya wuce wasa. Joel Kachi Benson, ɗan Najeriya, ya yi fim da wannan fasaha a kan iyayen 'yan matan Chibok, mai suna Daughters of Chibok, ya ci kyauta a bikin finafinai na Venice a ƙasar Italiya a 2019, domin mai kallo ji yake kamar yana zaune a tsakar gidan uwar da ke jiran 'yarta. A nan kuma ga dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 aka mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 1,000. Yara da yawa sun tashi a gefensa ba su san shi da komai ba sai maɓoyar 'yan bindiga, ba su taɓa ganin ruwan da ke zubowa a Dogon Ruwa ko dutsen da ake kira Goron Dutse ba.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da masu ƙorafin farashi suka fi mantawa da ita: me ke cikin tabarau ɗin da za a kalla? Igiyoyi da caja ana ƙirga su da ido, amma abin da ake sayen na'urar dominsa shi ne hotuna da darussa da wasannin da ke ciki, kuma mafi yawansu da Turanci aka yi su, don mutanen wasu ƙasashe. In ka biya naira 450,000 don ka riƙa yawo a titunan Faransa, mako biyu sun isa ka ƙoshi ka cusa shi a ƙarƙashin gado. In kuwa ɗalibin sakandare zai shiga cikin zuciyar ɗan Adam ya ga yadda jini ke gudana, ko maniyyaci ya zagaya wuraren aikin Hajji da idonsa kafin ya hau jirgi, ko yaro ya tsaya a gindin duwatsun Kamuku, to kuɗin ya fara biyan kansa. Tabarau ba zai maye gurbin zaman lafiyar da za ta bar mutum ya taka dajin da ƙafarsa ba, amma zai iya sa yaro ya san cewa yana da gadon da ya cancanci a ƙwato.

Shawara ta ƙarshe ita ce kada ka saya kai kaɗai. Mun san tsarin gidan kallon ƙwallo, inda talabijin guda da janareta guda ke wadatar da unguwa, kowa ya biya ɗan abin da ya sawwaƙa. Makaranta ko ƙungiyar matasa ko mai shagon caji mai sola zai iya sayen guda ɗaya ko biyu, a tsara layi, a riƙa goge shi tsakanin mai kallo da mai kallo saboda ciwon ido, a kuma ware kuɗin gyara tun daga cinikin ranar farko. Masu ɗaukar hoto na Kaduna da Kano da Zariya kuma su nemi kyamarar da ke ɗaukar kowane ɓangare, su fara da Kara da fadar Sarki da gonaki, su yi bayani da Hausa, daji kuma sai jami'an gandun sun tabbatar da cewa shiga ba haɗari. Kai kuma ɗan'uwa, ranar da ka tsaya gaban mai shago, ka sa a buɗe kwali, ka haɗa kuɗin abin da babu a ciki, ka ɗaura a kanka rabin awa, ka tambayi abin da za ka kalla. In amsoshin nan huɗu sun gamsar da kai, ka taya. In ba su gamsar ba, ka ce Allah ya ba da kasuwa, ka koma da kuɗinka ka sayi taki.